Kare Ɗaya ko Biyu: Shawarar Maigida a Ƙasar Tambuwal da Kebbe



1. Gabatarwa

Na tabbata da jin kan wannan lacca wasu sun yi murmushi, suna cewa duk matsalolin da ke damun ƙasa an rasa abin da za a tara mutane a kansa sai kare. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Magidancin da yake da kare ɗaya, yana tunanin ƙaro na biyu, yana shirin yanke hukunci ne a kan abubuwa huɗu masu nauyi, watau addininsa, da rumbunsa, da lafiyar 'ya'yansa, da zamansa da maƙwabta. Abin da ya taɓa waɗannan huɗu kuwa ya cancanci a zauna a yi masa nazari.

Zan ɗauki misalaina daga ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, domin a nan ana samun mazaunin gari, da manomin ƙauye, da makiyayi, da mafarauci, duk a kusa da juna, kowanne da irin bukatarsa. Zan fara da matsayin kare a bakin Bahaushe, sa'an nan in duba hukuncin Shari'a, daga nan in shiga lissafin amfani da ɗawainiya.

2. Kare a Bakin Bahaushe

Harshe shi ne madubin da ke nuna yadda al'umma ta ɗauki abu. Bahaushe yana da kare, da karya, da kwikwiyo. Jam'insu karnuka ko karnai, a Sakkwatanci kuma akan ji karnukka. In muka duba inda kalmar take fitowa a maganganun yau da kullum, za mu ga yawanci wurin ƙasƙanci ne. Wanda ake tura shi ya ci mutuncin wani saboda abin da za a ba shi, karen farautar wane ne. Yaron da ke bin direba yana ɗora kaya, karen mota ne. Wanda ya sami dama yana yin abin da ya ga dama ba mai tsawata masa, an ce yana cin karensa ba babbaka. Faɗan da aka yi kowa ya ji jiki, an tashi kare jini biri jini.

Amma kuma karin magana ta san wa kare da wasu halaye na kirki. Da aka ce masa ana biki a gidansu, cewa ya yi a gani a ƙasa, watau ba ya ruɗuwa da alkawari. Da Bahaushe ya so ya ce kowane zamani da mutanen da suka dace da shi, sai ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Da ya so ya kwatanta abin da ya saɓa wa hankali, sai ya ce abin mamaki, kare da tallan tsire, domin ya san kwaɗayinsa sarai.

Abin da za mu fahimta a nan shi ne, Bahaushe ya ɗauki kare ma'aikaci, mai amfani a bakin zaure da gona da daji, amma ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarma. Wannan ya bambanta da yadda abin yake a Ingila ko Amurka, inda ɗaya daga cikin dalilan da mutane ke bayarwa na ƙaro kare na biyu shi ne kada na farkon ya yi kaɗaici in an fita aiki an kulle shi a ɗaki. A Tambuwal gida ba ya rabuwa da mutane da awaki da kaji, saboda haka wannan dalili ba shi da ƙarfi sosai a wurinmu. Tambayar Bahaushe ita ce: akwai aikin da kare ɗaya ya kasa?

3. Matsayin Shari'a

Tambuwal gari ne na malamai tun zamanin jihadi, domin nan ne mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Saboda haka ba mai yin shawara irin wannan a garin ba tare da ya tambayi abin da littafi ya ce ba.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci kare a cikin labarin Ashabul Kahfi, yana kwance a bakin kogo, kuma a Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Hadisai ingantattu, a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim, sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ba, a wata ruwaya har da tsaron shuka, ana rage masa lada kowace rana gwargwadon ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwayar biyu. Haka kuma sun nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. A ɗaya gefen kuma akwai labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi bin umurni ne kawai. Shafi'awa kuwa sun ɗauki kare najasa mai kauri. Yawancin ƙyamar da ake nunawa a garuruwanmu ta fi kusa da ra'ayin Shafi'awa, ko da yake masu yinta ba su sani ba.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, kuma kowane ɗalibin zaure ya san shi, ya hana ajiye kare a gidaje, sai don shuka, ko dabbobin kiwo, ko farautar neman abinci. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa da ra'ayin Imamu Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Ibn Abdil Barri na Andalus, wanda ya rasu a 1071, shi ma ya tafi a kan halaccin ajiye kare domin jawo amfani da tunkuɗe cuta. Ke nan tsaron gida a lokacin da ake da tsoro na gaskiya yana da madogara.

To, ina maganar na biyu? Malamai sun yi saɓani a kan ko ladan da ake ragewa yana ninkuwa da yawan karnuka. Amma ƙa'idar da ta fi amfani gare mu ita ce, abin da aka halatta saboda bukata, gwargwadon bukatar ake ɗibarsa. Izinin da ya shigo da kare na farko bai isa ya shigo da na biyu ba, sai an sami tasa bukatar. In makiyayi yana da garke biyu da ke fita wurare dabam-dabam, bukata ta tabbata. In kuwa dalilin shi ne an ga kwikwiyo mai kyau a gidan aboki, ko ana so a ce gidan wane akwai karnuka, to, wannan ado ne, kuma shi ne ainihin abin da hadisin ya yi gargaɗi a kansa.

4. Gida da Gida Sun Bambanta

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Bisa ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutane sama da 224,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,700. Kebbe kuwa, wadda ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, tana da mutane sama da 124,000 a fili mai kimanin murabba'in kilomita 2,600. Watau a wancan lokaci mutum 130 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita a Tambuwal, a Kebbe kuwa ba su kai 50 ba. Jama'a ta ƙaru tun daga lokacin, amma bambancin yana nan: a ɗaya wurin gidaje sun matsu, a ɗayan kuma daji ya fi yawa. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa amsar tambayarmu ta sāke daga gida zuwa gida.

Mu ɗauki mutum huɗu. Na farko makiyayi ne a ruga. Shanu suna fita kiwo da hantsi, 'yan maruƙa da tumaki da mata da yara suna gida. Kare ɗaya ba zai rabu biyu ba. In ya bi garke, ruga ta zama ba mai haushi. In ya zauna, garke ya tafi ba mai jin ƙanshin dila ko ɓarawo. Wannan mutum ya fi kowa hujja. Amfanin kare ga makiyayi kuwa abu ne da aka jarraba a wasu ƙasashe. A Namibiya, tun daga 1994, wata ƙungiya mai kula da namun daji take raba wa makiyaya manyan karnukan kiwo 'yan asalin Turkiyya, kuma makiyayan sun ba da shaidar cewa asarar awaki da tumakinsu ta ragu ƙwarai. Buzayen ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, su ma sun daɗe da nasu dogon kare siriri mai tsaron zango da farauta.

Na biyu mafarauci ne, irin waɗanda ke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona. Farautar zomo da gafiya da gada aiki ne na taron karnuka, wani ya tayar, wani ya tare. Daɗin daɗawa, ƙaramin kare a wurin babba yake koyon aiki, saboda haka mafaraucin da karensa ya fara tsufa yana da dalilin kawo magaji tun da sauran ƙarfi a jikin tsohon.

Na uku manomi ne mai lambu a fadama, nesa da gida, inda birai da dabbobin sake ke yi masa ɓarna. Shi ma yana da wuri biyu da ke son tsaro, amma sai in akwai mai kwana a lambun. Karen da aka ɗaure a gona shi kaɗai ba mai ba shi ruwa, an zalunce shi, kuma ba zai daɗe ba zai tsinke ya komo gida.

Na huɗu shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwa a cikin garin Tambuwal ko Dogon Daji, gida mai katanga da ƙofa ɗaya. Aikin kare a irin wannan gida shi ne ya ji motsi ya yi haushi, maigida ya farka. Kare ɗaya lafiyayye yana yin wannan aiki cikakke. Na biyu ba ya ƙara wa maigida farkawa, sai dai ya ƙara wa maƙwabta rashin barci.

Lalle ne in taɓo matsalar 'yan bindiga, wadda ta addabi ƙauyuka da yawa a wannan yanki na iyakar Zamfara a shekarun nan, domin ita ce ke sa mutane da yawa tunanin ƙara karnuka. Kare yana iya ba mutane 'yan mintoci na farkawa da neman mafaka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kare ba ya tare harsashi, ko ɗaya ne ko goma. Har ma haushin da ke ceton mutum a gida yana iya tona asirinsa in ya ɓuya a daji kare ya biyo shi. Kada tsoro ya sa mutum ya ɗora wa dabba aikin da na hukuma ne da haɗin kan jama'a.

5. Zaman Karnuka Biyu a Gida Ɗaya

Mu ƙaddara bukata ta tabbata. Saura a san cewa karnuka biyu ba kare ɗaya ne sau biyu ba. Halinsu yana sākewa in sun haɗu.

Da farko, suna ƙarfafa wa juna zuciya. Karen da shi kaɗai zai tsaya daga nesa yana haushi, in ya sami ɗan'uwa sai su bi mai babur, ko su kewaye akuyar maƙwabci. Abin da ya sa suka fi amfani a daji shi ne ya sa suka fi haɗari a cikin gari. Kazalika suna koyi da juna. In na farko yana satar ƙwai ko tsallake katanga, sabon zai ɗauka cikin 'yan kwanaki. Don haka wanda bai gama horar da na farko ba, kada ya kawo na biyu yana zaton zai gyara shi.

Na biyu, akwai maganar jinsi. Likitocin dabbobi sun lura cewa faɗa tsakanin karnukan gida ɗaya ya fi yawa in jinsinsu ɗaya ne, kuma faɗan karya da karya ya fi muni da wuyar sasantawa. Namiji da mace sun fi zaman lafiya, amma su kuma sai haihuwa, wadda zan zo kanta.

Na uku, shekaru. Mutane sukan so su ɗauko kwiyakwiyai biyu daga ciki ɗaya, wai su tashi tare. Masu horar da karnuka ba sa son haka, domin sukan shaƙu da juna fiye da yadda za su shaƙu da ubangidansu, kiran su ya yi wuya. Abin da ya fi shi ne a bari na farko ya kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, ya natsu, ya san gida da baƙo, sa'an nan a kawo ƙarami. In kuwa na farkon ya tsufa tukuf, a kula kada ƙaramin ya dame shi da wasa ko ya riƙa ƙwace masa abinci.

Ranar kawowa ma tana da ladabi. A ware sabon wuri dabam kamar mako biyu, a ga ko yana da zawo, ko ƙazuwa, ko kaska, ko wata alamar ciwo. Sa'an nan a fara haɗa su a waje, a fili, inda tsohon bai ɗauka nasa ba ne, kowanne da igiya a hannun mutum. A cikin gida kuma kowa da kaskon cinsa da na shansa, nesa da juna, domin yawancin faɗa a kan abinci yake farawa. Kada yara su shiga rabon faɗan karnuka da hannu. A watsa musu ruwa.

6. Lissafin Rumbu

Sau da yawa akan ce kare ba ya cin komai, ragowar tuwo da ƙanzo sun ishe shi. Wannan gaskiya ne a gidan da ragowar ke isar kare ɗaya. Amma ragowar gida ba ta ninkuwa don an ƙara kare. Bari mu yi lissafi. Matsakaicin karen gida mai nauyin kilo 15 yana bukatar abincin da ƙarfinsa ya yi daidai da kimanin rubu'in kilo na hatsi a kowace rana, ban da ɗan nama ko ƙashi ko kifi da jikinsa ke nema. Rubu'in kilo sau kwana 365 ya haura kilo 90. Watau kare na biyu kusan buhun gero ne a shekara. Magidancin da hatsinsa ke ƙarewa kafin sabo ya nuna, ya dubi wannan buhu da kyau. In bai fitar da shi daga rumbunsa ba, karen zai fitar da shi daga juji, da mahauta, da akurkin maƙwabta, kuma a can ne yake gamuwa da karnukan sake da cututtukansu.

Sai haihuwa. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma 'ya'ya biyar ko shida a ciki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Lokacin shayarwa cinta yakan ninka sau biyu ko uku. Ke nan wanda ya haɗa namiji da mace, kafin shekara ta kewayo yana iya samun kansa da karnuka takwas. Lokacin da take neman namiji kuma karnukan unguwa duk za su taru a ƙofar gidansa suna faɗa dare da rana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Likitocin dabbobi suna yin aikin hana haihuwa ga namiji da mace, kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mai son wannan hanya ya nemi shawararsu, ya kuma tambayi malaminsa. Abin da ba shi da kyau ko ta wace fuska shi ne abin da aka saba yi, watau a kwashe kwiyakwiyai a zubar a bayan gari. Waɗanda suka rayu daga cikinsu su ne karnukan saken gobe.

7. Ciwon Haukan Kare

Yanzu na zo kan abin da ya fi kowanne nauyi. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yaƙushi, ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ne ke yaudarar mutane: rauni ya warke, an manta. Amma da zarar alamu sun fito, watau zazzaɓi, da firgita, da kasa haɗiyar ruwa har mutum ya riƙa tsoronsa, to, kusan ba mai tashi.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi ya nuna cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro ne ke wasa da kwikwiyo, shi ne gajere da cizo ke samunsa a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ke ɓoye ƙaramin rauni don tsoron faɗa.

Abin takaici shi ne maganin rigakafin ya daɗe a duniya. Tun a 1885 Luwi Fastur na Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, ya rayu. A ƙasar nan, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka dawwama a kai, cutar takan yanke. A kan wannan ne hukumomin duniya suka sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya kafin 2030, kuma tun 2007 aka keɓe ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakarwa.

Mene ne haɗin wannan da kare na biyu? Kowane kare da aka ƙara a gari ba tare da allura ba yana rage wancan kashi 70. Sa'an nan sabon kare, musamman wanda aka tsinto ko aka sayo a hannun wanda ba a sani ba, yana iya shigowa da cutar a jikinsa alhali yana wasa lafiya lau. Kuma ba kowane mai ciwon ne ke yin hauka yana cizo ba. Wani yakan yi laushi ne, baki a sake, yawu na zuba, har maigida ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakinsa. Saboda haka ƙa'ida ita ce, a san uwar kwikwiyo da gidan da ya fito, a yi masa allura da ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, yawanci shekara-shekara, a kuma adana takardar shaida. Wanda bai taɓa yi wa karensa na farko allura ba, ya riga ya sami amsar tambayarsa.

In kuwa cizo ya auku, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, a karɓi alluran har a gama su. Ƙona gashin karen a shafa a rauni, ko ɗaure wurin da magani a zauna, ba ya kashe ƙwayar cutar. Karen da ya yi cizon, in na gida ne, a tsare shi kwana 10 ana dubansa, a kuma sanar da ma'aikatan dabbobi. Amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.

Akwai wasu cututtuka ƙanana da wannan, kamar tsutsar ciki da ke shiga yara ta ƙasar da kare ya yi kashi, da wadda kare ke ɗauka in an jefa masa ɗanyen huhu ko hantar dabba mai ƙulli. Maganinsu shi ne tsabtace tsakar gida, da ba kare maganin tsutsa a kai a kai, da dafa kayan ciki kafin a ba shi.

8. Haƙƙin Maƙwabci da Halin Ma'aikaci

Gidan Bahaushe ba na mai shi kaɗai ba ne. Almajiri yana shiga, mai tallan fura tana shiga, matan unguwa suna zuwa barka da gaisuwa, yara suna zuwa ɗibar wuta ko ruwa. Gidan da aka san da karnuka biyu sake, ƙafa takan ɗauke daga gare shi, kuma matan gidan ne ke fara jin wannan kaɗaici. Don haka shawarar ba ta maigida ba ce shi kaɗai. Uwargida, wadda ita ce za ta riƙa zuba abincin tana share wurin, tana da bakin magana.

Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa mai kare mai cizo, in an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ya yi. Dokar laifuffuka ta Arewa ta 1959 ita ma ta sa hukunci a kan sakaci da dabba mai haɗari, da kuma zaluntar dabba. Akuya ɗaya da karnuka suka yayyaga tana iya ɓata zumuncin shekara talatin.

Ga 'yan'uwana ma'aikata kuma akwai ƙarin abin dubawa. Kare yakan rayu shekara 10 ko fiye in ana kula da shi, ma'aikaci kuwa takarda ɗaya ce ke tashinsa daga Tambuwal zuwa Sakkwato ko wani gari. A can wataƙila gidan haya zai shiga, mai gida ya ce ba ya son kare. Samun wanda zai karɓi kare ɗaya yana da wuya, balle biyu. Ɗalibai kuma da ke ɗauko kwikwiyo lokacin hutu su bar wa iyaye, su tuna cewa sha'awar tasu ce, ɗawainiyar ta wasu.

9. Kammalawa

A taƙaice, mai wannan shawara ya tambayi kansa abubuwa biyar. Akwai wani aiki na tsaro, ko kiwo, ko farauta, wanda kare ɗaya ya kasa? Na farkon ya horu, yana jin kira, an yi masa allura? Rumbu zai ɗauki ƙarin buhu a shekara ba tare da an rage wa yara ba? An yi tanadin abin da za a yi game da haihuwa? Iyali da maƙwabta sun yarda, kuma akwai wurin da za a tsare karnukan da rana?

Makiyayin da ke rugar ƙasar Kebbe da mafarauci sau da yawa za su amsa ta farko da i, sai su yi ƙoƙarin cika sauran, musamman allura. Mazaunin cikin gari kuwa yawanci a ta farkon zai tsaya, kuma ya fi masa alheri ya kashe kuɗin a kan gyaran katanga, da fitila, da kula da karen da yake da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ina kuma kira ga ma'aikatan lafiya da na dabbobi na ƙananan hukumomin nan biyu, da hakimai da limamai, su haɗa kai a riƙa kai allurar karnuka ƙauyuka da rugage kamar yadda ake kai ta shanu, domin ran yaro ɗaya ya fi kuɗin allurar karnukan gunduma guda.

 Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.